Attajiranmu sun gina wa jami'o'i benaye, saura kuɗin bincike

A farkon shekarar 2010 agwagi suka riƙa ɓacewa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Mutane sun lura da hakan, amma babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Mutuwar agwagwa ba labari ba ce a ƙauye.

Bayan 'yan watanni sai yara suka fara faɗuwa, ga amai, ga jijjiga, ga mutuwa. Lokacin da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka isa Dareta da 'Yargalma, sun gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sha kawo wannan labari a matsayin misali: agwagin nan gargaɗi ne, sai dai babu wanda aikinsa ne ya karanta gargaɗin.

Zamfara na maƙwabtaka da Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da tsangayar likitancin dabbobi. Zariya ma na da tata, tsohuwa mai suna. Masu ilimin suna nan. Abin da babu shi ne kuɗin da zai sa malami ya ɗauki mota da ɗalibai biyu, ya shiga ƙauye, ya ɗebo mushen agwagwa da ƙasar tsakar gida, ya dawo ya tarar da sinadarai da wuta a ɗakin gwaji.

Wannan kuɗin nake so mu tattauna a kai, da kuma waɗanda nake ganin ya kamata su fitar da shi.

Kada a ce na raina ƙoƙarin masu hannu da shuni. Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci ta naira biliyan 1.2, ya kuma gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai. Alhaji Abdussamad Rabi'u ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alƙawarin dala miliyan 100 duk shekara, kuma jami'o'i irin su ABU da ta Maiduguri sun samu naira biliyan ɗai-ɗai daga gare ta. Wanda ya taɓa kwana su takwas a ɗakin mutum huɗu ba zai ce gina hostel aikin banza ba ne. Allah Ya saka musu.

Amma a duba jerin kyaututtukan da attajiran ƙasar nan ke yi wa jami'o'i. Bene, zauren taro, masallaci, ƙofar shiga, motar bas. Duk abubuwa ne da ake iya yanka wa kirtani, a ɗauki hoto, a manna allon marmara mai ɗauke da suna. Bincike ba shi da kirtani. Albashin mai kula da ɗakin gwaji ne, man janareta ne don kada firiza ta narke da samfurin jinin da aka shekara uku ana tarawa, kuɗin makarantar ɗalibar digirin digirgir ne. Wani lokaci ma a kashe kuɗin, a kwashe shekaru, sakamakon ya fito ya ce abin da ake zato ba haka yake ba. Shi ma sakamako ne, amma babu gwamnan da zai zo buɗe shi.

Wani dutse a bayan Jos

Wanda ke son ganin abin da kuɗin mutum ɗaya mai haƙuri ke iya yi, ya je Laminga a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas. A nan, cikin dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye da ake kira APLORI, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Mutumin da ya kafa ta a farkon shekarun 2000 shi ne Anastasios Leventis, ɗan gidan Leventis ɗin nan da iyayenmu suka sani da kantuna a Kano da Kaduna, waɗanda suka kafa kamfanin da ke sarrafa Coca-Cola a Najeriya. Asalinsu 'yan tsibirin Cyprus ne. A nan suka yi arziki, kuma a nan ya zuba wani kaso na arzikin a kan abin da yawancinmu za mu yi wa dariya: ƙirga tsuntsaye.

Gini ya yi, amma ginin ba shi ne labarin ba. An ƙulla yarjejeniya da jami'a, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, da mutanen Laminga masu dajin. Aka buɗe karatun digiri na biyu a fannin kare halittu, ana ɗaukar 'yan ɗalibai kaɗan duk shekara daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ana ɗauke musu nauyin karatun. Malamai na zuwa daga jami'o'in Turai, irin su St Andrews ta Scotland, su koyar su koma. Yau fiye da shekara 20 ke nan ba a tsaya ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, Jos ta ga rikice-rikice, ASUU ta yi yajin aiki iri-iri har da na wata takwas a 2022, amma ana ci gaba da fita da asuba a kama tsuntsu, a auna shi, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi.

Me ya fito daga ciki? Da yawa daga cikin masu koyar da wannan fanni a jami'o'inmu da masu riƙe da ƙungiyoyin kare namun daji a yankin nan sun bi ta Amurum. Daga can aka riƙa ɗaura wa ƙananan tsuntsaye na'ura a baya don bin sawun hijirarsu tsakanin Filato da Turai. Daga can kuma aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, wanda matasa masu sa kai ke yi da wayoyin hannunsu, har akwai tawaga ta musamman ta Arewa.

Na san tambayar da mai karatu ke yi a ransa, don ni ma an sha yi mini ita. Ana fama da abin da za a sa a tukunya, ana sace mutane a hanya, wa ke ta tsuntsu?

To, mu ɗauki ungulu. Duk wanda ya haura shekara talatin ya san yadda ungulaye ke cika kwata da rufin kasuwa a garuruwanmu. Yanzu ka je kwata ka ƙirga. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma a Najeriya babban dalili shi ne cinikin kawunansu da sassansu don magani da tsafi, sai kuma guba.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 ungulayenta suka riƙa mutuwa, har fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in suka ƙare, ba a san dalili ba. Sai a 2004 wani likitan dabbobi na Jami'ar Jihar Washington, Lindsay Oaks, tare da ƙungiyar Peregrine Fund wadda ke rayuwa da gudummawar masu bayarwa, suka tabbatar da cewa maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu. Ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta ta lalace. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi.

Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 da ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya janyo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Tsuntsun da muke zagi da ƙazanta, ashe ma'aikacin tsafta ne da ba ya karɓar albashi.

Haka murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda a duk Afirka aka fara tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, a Fabrairun 2006. Haka zazzaɓin Lassa, mai ɗauke da sunan wani gari a Borno tun 1969, wanda ɓera ke yaɗawa, kuma har yau babu rigakafinsa da aka amince da shi. Masana na cewa uku cikin huɗu na sababbin cututtukan da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke tasowa. Wanda ya biya kuɗin mai duba tsuntsu da ɓera, asibiti ya yi wa aiki tun kafin a kawo marar lafiya.

Ledar da aka gwada a ɗakunan haihuwa

Misali na biyu daga Kano yake, kuma ya fi kusa da kowane gida.

Zubar jini bayan haihuwa na kashe mata kusan 70,000 duk shekara a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Najeriya kuwa ita kaɗai ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin juna biyu da haihuwa a duniya baki ɗaya. Wani ɓangare na matsalar ba rashin magani ba ne. Ungozoma na auna jinin da ido ne, a zane da gado da ƙasa, kafin ta tabbatar ya yi yawa lokaci ya ƙure.

Sai aka gwada wata dabara mai suna E-MOTIVE. Leda ce mai aljihu da ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, jinin ya taru a ciki, ana ganin lamba. Da ya kai mizanin haɗari, sai a yi duk matakan a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. An gwada a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Da sakamako ya fito a Mayun 2023, an ga mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A 2024 mujallar TIME ta sa ta cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a duniya. Abin alfahari ne. Amma wa ya biya kuɗin binciken? Gidauniyar Gates, ta hannun Jami'ar Birmingham ta Ingila.

Matanmu ne ke mutuwa, likitarmu ce ta yi aikin, a asibitocinmu aka gwada, kuɗin kuma daga birnin Seattle. Kano na da mutanen da kuɗin ba zai girgiza aljihunsu ba.

Ba yau aka fara ba. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ce ta shafe shekaru tana tallafa wa ABU da Bayero da Ibadan da Fatakwal tun farkon shekarun 2000, kuma da tallafinta Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Bayero ta fara tashi. In aka koma baya sosai, masu binciken Gidauniyar Rockefeller ne suka yi sansani a Yaba, Legas, a 1925 don cutar shawara, kuma daga jinin wani ɗan Ghana mai suna Asibi da aka ɗiba a 1927 aka samo asalin rigakafin da ake yi wa mahajjata da matafiya har gobe. Shekara ɗari ke nan muna cin moriyar sadakar wasu.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne wannan rijiya ta fara ja da baya. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, ayyukan lafiya da dama suka tsaya cak a Afirka. Birtaniya ma ta sanar da rage tallafinta ga ƙasashen waje. A Mayun 2025 Bill Gates da kansa ya ce gidauniyarsa za ta kashe dukiyarta ta rufe ƙofa a ƙarshen 2045. Yarinyar da aka haifa bana, lokacin da za ta zo haihuwar fari, mai yiwuwa babu Gidauniyar Gates.

Ko da ma ba su janye ba, kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ba da kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Cutar da ke tsoratar da Turai da Amurka tana samun kuɗi da wuri. Saran maciji da ke kashe manoma a Kaltungo da Langtang, ciwon noma mai cinye fuskar yara wanda Sakkwato ke da asibiti guda dominsa, tsuntsayen jan baki masu cinye gero da shinkafa a Yobe da Jigawa da Kebbi, waɗannan sai su yi ta jiran layi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma batun yarda. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya ƙare a kotu da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Pfizer kamfani ne, ba gidauniya ba, amma talaka ba ya bambancewa, Bature da allura yake gani. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Kuma a lura, daga cikin abubuwan da suka taimaka aka kai ga shelar kawar da cutar a Agustan 2020 akwai shigowar sarakuna da malamai, da kuma shigowar Ɗangote da kuɗinsa da sunansa, tun daga yarjejeniyar rigakafi da ya sa wa hannu tare da Gates da Gwamnatin Kano a 2012. Idan aka ce ɗan gari ne ya biya, ƙofofi sun fi saurin buɗewa.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne, ga TETFund nan tana karɓar haraji daga ribar kamfanoni, ciki har da na waɗannan attajiran. Gaskiya ne, kuma asusun na da sashen tallafa wa bincike. Amma kuɗin gwamnati na zuwa ne da kasafin shekara, da tarin takardu, da jinkiri, kuma yana iya sauya alƙibla da zarar minista ya sauya. Ƙirgar tsuntsaye ko bibiyar lafiyar yaran wani gari ba ta da amfani sai an jera shekara goma, ashirin, ba yankewa. A nan ne kuɗin mutum ɗaya ya fi na gwamnati: babu zaɓe a gabansa.

Su ma attajiran suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a share shi ba. Bene dai ko ba komai za ka zo ka gan shi a tsaye. Kuɗin bincike fa? An ga inda tallafi ya ƙare a taron bita a otal da alawus ɗin tafiya, an ga na'urori masu tsada a cikin kwali shekara da shekaru saboda babu wanda ya iya kunna su, an ga binciken da ba a yi shi don komai ba sai don ƙarin girma. Jami'ar da ke son ɗan kasuwa ya ba ta amana sai ta yi abin da take yi wa Turawa ba tare da gardama ba: asusu na daban, mai binciken kuɗi daga waje, rahoto a kan lokaci. Zan ƙara da abu ɗaya da Turawan ba sa nema: a fito a gidan rediyo a faɗa wa mutanen da aka ɗebi jininsu, da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, abin da aka gano.

Tsarin da zai riƙe irin wannan kuɗi ba baƙo ba ne a wurinmu. Wakafi ne. A ajiye uwar dukiya, a riƙa cin amfaninta. Abin da Henry Wellcome ya yi ke nan da ya mutu a 1936 ya bar kamfanin magungunansa ga amintattu. Gidauniyar Wellcome ce ta riƙe cibiyar bincike ta Kilifi a gaɓar tekun Kenya tun 1989, kuma Kilifi na cikin wuraren da aka gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Mutum ya kusa shekara 90 a kabari, dukiyarsa na taɓa yaro a Argungu. Mu da muke jin wa'azin sadaka mai gudana da ilimi mai amfani kowace Juma'a, mun taƙaita wakafi a rijiya da masallaci da maƙabarta.

A yi lissafi mai sauƙi, a matsayin misali kawai. Naira biliyan ɗaya da za ta tafi a bene guda, in aka zuba ta a rukunin shaguna ko a sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ke fitarwa tun 2017, ta kawo ko da kashi goma a shekara, miliyan ɗari ke nan duk shekara, uwar kuɗin na nan. In suna ake so, ana iya raɗa wa kujerar farfesa sunan mahaifin mai bayarwa, kamar yadda ake yi a jami'o'in duniya. Kuma ba sai Ɗangote ko BUA ba. 'Yan Kantin Kwari, dillalan hatsi na Dawanau, masu shanu na Potiskum da Maigatari, kowace ƙungiya cikinsu na iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyar masu binciken abin da ya shafi kasuwarsu. Dillalin shanu ya fi kowa sanin asarar da ciwon huhu da ciwon baki da kofato ke jawowa.

In ana neman wurin farawa, ga Gashuwa. Shekara da shekaru mutanen Bade na binne 'yan uwansu saboda ciwon ƙoda, yawan da ya wuce misali, har Gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike ta hannun cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Gashuwa na bakin Kogin Yobe, a cikin dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Kusa da ita ne Dagona, inda tsuntsayen ruwa daga Turai ke sauka da hunturu. Ruwa ɗaya ne manomi ke ban ruwa da shi, masunci ke kama kifi a ciki, shanu da tsuntsaye ke sha, kachala ke toshewa. Akwai jami'ar tarayya a cikin garin tun 2013.

Aikin da ke jira a can na mutum huɗu ne a mota ɗaya: likitan ƙoda, likitan dabbobi, mai gwajin ruwa da ƙasa, da mai ƙirga tsuntsaye, su riƙa komawa rijiyoyi da fadamu iri ɗaya kowane wata, rani da damina, har shekara goma. Suna buƙatar mota mai shiga yashi, firiza mai aiki da hasken rana, sinadarai, da albashin da ba zai yanke ba ranar da gwamna ya sauka.